Gadar Mai Faci

Litinin, masaukin ma'aikata

Malama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Auta da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Kina shafa man da Babba ta kawo miki, ko kin sake tura shi bayan gwangwanin sukari kina cewa ya ƙare? Ni dai lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Na san sai kin yi dariya in kika ga rubutuna, mutumin da rabonsa da rubuta miki wasiƙa tun kafin a haifi Babba. Wayar ce ba ta da kirki a wannan yankin, magana sai ta yi ta yankewa, shi ya sa na ga gara in rubuta. Maƙwabcinmu mai duba tikiti yana biyowa ta nan da jirgin fasinja duk bayan kwana biyu, ya ce in riƙa ba shi yana miƙa miki.

Gadoji tara aka ba ni a wannan zagayen, duk irin tsofaffin nan na kankare, layin dogo a sama, hanyar ƙauye a ƙasa. Yau mun gama biyu. Kullum kina ƙorafin ban taɓa gaya miki abin da nake yi ba sai "na je na dawo", to bari in gaya miki, tunda takarda ba ta katse mutum. In mun isa, Dogo direba ya ajiye motar a gefe mu sauke tsani. In fara zagaya ginshiƙan da ido ina neman tsaga, da inda ruwa ya tsiyayo ya bar jan tsatsa. Daga nan in hau tsani da 'yar gudumata, in bi cikin gadar ina ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan. Lafiyayyen kankare ƙara yake yi tsaf, kamar kin taɓa kofin gilashi da cokali. Wanda ya saki ƙarfen da ke cikinsa kuwa a dishe yake amsawa, kamar an buga akwatin da ba kaya. In na ji haka sai in zagaye wurin da alli. Aikin da ya ci min shekara talatin da ɗaya ke nan.

Gadar farko ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, an rubuta shekarar a jikinta tun simintin yana ɗanye. Har yau ana ganin sawun katakon da aka zuba ta a ciki, layi-layi. Can sama a lungu akwai tafin hannun wani lebura da ya danna ya tafi, ba mai ganinsa sai ni da tsattsewa. Duk zuwana sai na ɗora nawa a kai. Hannunsa ya fi nawa girma.

Dogo yana gaishe ki. Har yanzu bai ƙara ko inci ɗaya ba, yana nan iya kafaɗata, yana tuƙi a kan matashi biyu. Sai dai ya koyi wata sabuwar ɗabi'a ta magana a cikin maƙoshi. In ce me ka ce, ya ce ba komai. Ina jin tsufa ne ya fara leƙo shi.

Ki ce wa Auta ya kira mai gyaran famfo, kada ya ce da kansa zai gyara, kin dai ga yadda aka ƙare da fanka. Ki gaida Babba da maigidanta da 'yar ƙiriniyar nan tasu.

Naki,
wanda kike kira Mai Guduma


Alhamis

Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Saƙonki ya iso, da rigar sanyin da ƙwayoyin hawan jinin da na manta a kan firji. Na gode, kuma na karɓi faɗan da ke shafi na biyu, ban da ta cewa. Na ji daɗi da kika ce gwiwar ta yi sauƙi har kin taka zuwa makarantarku ta da kin gaisa da mutane.

Ki yi haƙuri da kiran da kika yi jiya na ce zan kira na kashe. Muna kan hanya ne, motar nan kuma kin san ƙararta.

Jiya muka yi gada ta huɗu, ita nake son in ba ki labari. Tana kan wata jar hanya da ta haɗa ƙauyuka uku da garin da asibiti da kasuwa suke. Faɗinta bai wuce mota ɗaya da amalanke su gifta juna ba. A ƙarƙashinta akwai wani dattijo mai faci, ya ce shekararsa ashirin da shida a wurin. Da kin ga yadda ya tsara zamansa. Ya kafa ƙusoshi a jikin ginshiƙi ya rataye robobin taya bisa girmansu. Benci ɗaya, famfon iska, ɗan murhun da yake ɗumama faci, sai wani tsohon daro cike da ruwa da yake tsoma roba yana neman huji. Hayaƙin murhun ya mayar da cikin gadar baƙi ƙirin ta ɓangarensa, ga sheƙar tsattsewa jere a lungu. Na nuna masa ƙusoshin na ce wannan laifi ne a dokarmu. Ya ce tun kafin furfura ta fito min suke nan, gadar kuma ba ta taɓa kai ƙara ba.

Wurin ya zama kamar zauren kowa. Mata masu zuwa awo su huta a nan, masu keke su jira faci, in hadari ya taso kowa ya rugo. Muna cikin aiki ruwa ya sauko, kafin ki ce me mun kai mu ashirin a ciki, har da akuya biyu da wani mai babur da buhun gawayi. Sai na tuna ranar nan da na ɗauko ki a tsohon babur ɗina daga makarantar da aka fara tura ki, ruwa ya tare mu a ƙarƙashin wata irinta. Kina rungume da littattafan yara a cikin mayafi, ni kuma maimakon in kula da ke na ɓige da nuna miki yadda aka ɗaura ƙarfen ginshiƙi. Kika ce, "Wato ni da gadar nan, wa ka kawo yawo?" Har yau ban ba ki amsa mai kyau ba.

Da ruwa ya ɗauke na hau na ƙwanƙwasa ta daga farko har ƙarshe. Ban sami abin zagayewa ba sai wurare biyu ƙanana. Mai faci ya haɗa mana shayi, ya zauna kusa da ni yana ta ba ni labari da 'yar muryarsa a hankali, yana nuna sama yana nuna daronsa. Mutumin kirki ne ƙwarai. Na sa hannu a fom ɗinta a kan cinyata, yau da safe na haɗa da na sauran ukun na aika ofis.

Saura biyar. In Allah ya yarda ƙarshen makon gobe ina gida. Ki gaishe min da yayarki, ki ce ban manta da alkawarin gilashin tagarta ba.

Naki kullum,
Mai Guduma


Asabar, tashar jirgi

Malama,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Wannan takardar ba irin waɗancan ba ce, ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta. Ba ciwo na ji ba, ba hatsari muka yi ba, kada hankalinki ya tashi.

Yau da hantsi mun gama gada ta shida muna naɗe igiya, sai Dogo ya matso ya tambaye ni me na rubuta a kan maganar mai faci. Na ce wace magana? Ya tsaya yana kallona. Ya ce maganar tsakuwa mana. Ashe duk zaman nan da muka yi muna shan shayi, dattijon gaya min yake yi cewa tun farkon damina, in jirgin kaya ya wuce sai tsakuwa ta zubo masa a daro. Ya ce makon jiya wani guntu kamar tafin hannu ya faɗo dab da wata mata mai goyo, har ya ajiye shi a ƙarƙashin benci don ya nuna wa duk wanda ya zo daga wajenmu. Na tambayi Dogo me na ce masa. Ya ce dariya na yi na ce, "Madalla, madalla." Shi Dogo ya ɗauka na riga na gani ne a sama, ina kwantar wa tsohon da hankali.

Malama, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Kunnena na hagu ya kusa shekara biyu da tafiya. Na dama ne yake riƙe da ni, shi ma tun bara ya fara ja da baya, ga wani siririn kuka da yake yi ba dare ba rana. In mutum yana gabana ina kallon bakinsa, nakan haɗa in gane. In ya juya, ko muryarsa ƙarama ce, ko akwai hayaniya, sai dai in gyaɗa kai in yi murmushi. Wayar yankin nan lafiyarta ƙalau, Dogo kullum sai ya yi rabin awa yana hira da iyalinsa. Ni ne ba na jin ki. In kin kira, muryarki nake ji kamar daga cikin rijiya, na san ke ce amma ban san me kike cewa ba, shi ya sa nake kashewa. Dogo ma bai canza magana ba, sharri na yi masa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne guduma. Na daɗe ba na rarrabe ƙarar sosai. Na riƙa gaya wa kaina ai hannuna ya saba, ina ji a wuyan hannu in wuri ya saki. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa zato kawai nake yi. Wata goma sha huɗu suka rage min in ajiye aiki, na so in fita da sunana yadda na shigo da shi, ba a ce ga wanda aka sauke daga tsani ba. Don wannan na sa hannu a kan gadar da mata masu goyo suke hutawa a ƙarƙashinta, wadda maƙwabcinmu yake bi ta kanta da takardun da nake aiko miki.

A bakin hanya na gaya wa Dogo duk wannan. Shekara goma sha tara ke nan muna tare. Can ya cire hula ya mayar, ya ce to yanzu me za a yi. Muka zo tashar nan, ya kira ofishin da ke ba jirage hanya, ina faɗa yana maimaitawa, suna amsawa yana juyowa yana gaya min da baki buɗe kamar mai koya wa yaro karatu. Na sa kowane jirgi ya bi ta kan gada ta huɗu da tafiyar ƙafa. Akwai jirgin kaya mai nauyi da zai bi ranar Litinin, na ce a riƙe shi sai sun ji daga gare ni. Suka ce ai fom ɗina yana gabansu, na rubuta lafiya. Na ce su ajiye shi gefe, kuskure ne, kuma nawa ne.

Yanzu za mu juya, tafiyar yini ce. Ban san abin da zan tarar ba. Wataƙila ɓawo ne kawai ya ɓantare, in zama na tayar da hankalin mutane a banza. Wallahi na fi son hakan.

Ki yafe min ƙaryar waya. Kada ki gaya wa yara tukuna, ni zan gaya musu da bakina. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki


Litinin da yamma

Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san tun shekaranjiya hankalinki yana nan, to ga yadda aka yi.

Jiya da sassafe muka isa. Mai faci yana share wurinsa, ya gan mu ya saki tsintsiya yana murna. Kafin ya ɗora ruwan shayi na riƙe hannunsa na ce, Baba, ranar nan ka yi min magana ban ji ba, kunnena ya lalace, na yi kamar na ji. Ka sake gaya min, ka kalle ni, ka ɗaga murya. Bai nuna mamaki ba. Ya sunkuya ya jawo guntun daga ƙarƙashin benci ya sa min a hannu. Ina juya shi na ga bayansa ja wur da tsatsa, da kwarin rodi a kwance a jiki. Wannan ba ɓawo ba ne, daga jikin ƙarfe ya rabu.

Matsalar ita ce wa zai saurara. Dogo ya ce shi fa in ban da ƙarar inji bai san komai ba. Sai dattijon ya ce shi ai da kunne yake cin abinci, kafin ya tsoma roba a ruwa yakan ji inda iska take fita. Na kai shi jikin ginshiƙi na buga masa wuri mai kyau, na buga masa ɗaya daga wuraren da na zagaye ranar Laraba. Sau biyu kawai na maimaita ya ce ya gane, ɗaya tana magana, ɗaya tana tari.

Haka muka yi. Dogo ya riƙe tsani, ni ina sama da guduma da alli, mai faci yana tsaye a ƙasa ya karkata kai, idonsa a rufe. In na buga wuri mai kyau ya yi shiru, in ya ji tari ya ɗaga hannu. Ta ɓangaren hanya hannunsa bai tashi ba sai jefi-jefi. Da muka zo saman inda yake zama, inda hayaƙi ya rufe komai, hannun nan ya tashi bai sake sauka ba. Na buga, na matsa, na buga, yana sama. Da na haɗa layin allin, wurin ya kai faɗin ƙofar ɗakinmu. Ranar Laraba na bi ta kansa da gudumar nan na wuce.

Na sa aka kwashe kayansa kaf, Dogo ya tare hanya ta nan, wani mai keke ya tare ta can. Na sa ƙarfe a bakin tsagar da na gano a bayan sheƙar tsuntsayen, ban ma yi wani ƙarfi ba. Falle guda ya saki ya faɗo daidai inda bencin yake, ƙasa ta amsa har a tsanin da nake kai. Da ƙura ta lafa na haska tocila. Rodin da ya kamata ya kai kaurin babban yatsana ya koma kamar fensir, biyu sun tsinke. Na daɗe a saman tsanin ban sauko ba.

Rufe hanyar ya fi komai wuya. Sai an zagaya ta inda hanya ta haura layin dogo, kusan kilomita shida, ga damina. Mutane suka taru. Wata mata da ta ɗauko mahaifiyarta a amalanke za su asibiti ta zo gabana tana faɗa, hannu yana tashi, jijiyar wuya a miƙe. Karon farko ke nan da kurumta ta yi min rana. Dogo ya ce gara da ban ji ba. Na nuna mata abin da ya faɗo, ta dube shi ta dubi sama. Muka sa tsohuwar a motarmu Dogo ya kai su ta zagaye.

Shi kuwa mai faci yana zaune a kan famfonsa a rana, kayansa a tare a gabansa, yana kallon wurin. Na je na tsuguna na ce masa ba zai koma ciki ba, ko an gyara ba za a bar wuta a ƙarƙashi ba. Na so ya yi min faɗa ko na ji sauƙi. Sai ya kamo kafaɗata ya juyo da ni, ya matso da bakinsa kusa da kunnena na dama ya ce, "Da ka yi zamanka can, wa zai sani? Ka dawo. Tashi ka kama min bencin nan."

Mun kai shi gindin wata bishiya a mararrabar da zagayen ya fara, inda duk mai keke dole ya bi. Ya ce inuwar ba ta kai waccan ba, kuma tsuntsayen nan ba su da tarbiyya, amma za a gwada. Ƙusoshinsa ya roƙa a ciro masa, Dogo ya ciro su ɗaya bayan ɗaya.

Jirgin kayan yana tsaye a tashar baya. Gobe babbar injiniya za ta zo da ma'aikata da ƙarafan tokare. Zan gaya mata abin da na gaya miki.

Ki huta lafiya. Ki gaida Auta.

Naki,
Mai Guduma


Juma'a

Malama,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka kama. Takardarki ta zo jiya, na karanta ta sau uku, na ukun sai da na shiga mota na rufe ƙofa don kada ma'aikata su ga fuskata.

Ashe kin sani. Ashe dawo da kujerarki da kika yi ta damana wajen cin abinci ba don iskar taga ba ne. Ashe ke kika hana Auta yi min magana daga ɗaki, kika ce rashin ladabi ne, ya zo gabana ya faɗa. Ni ina ta yabon yaro ya yi hankali. Kuma duk kiran da kike yi min daga kicin kika daina, sai ki taho bakin ƙofa ki tsaya inda zan gan ki, da gwiwar nan taki. Shekara biyu kina wannan, ni kuma ina taƙama na iya ɓoyo.

Kin ce kin yi shiru ne kina jira in faɗa da kaina, don kin san halina, kuma ba ki taɓa kawo guduma a ranki ba sai da kika karanta takardata, kika kasa cin abinci. Kada ki ɗora wa kanki wannan. Ke mijinki kika rufa wa asiri a cikin gidansa. Ni ne na san da me ake aikin, na ɗauki tsani na fita.

Babbar injiniya ta zo ranar Talata. Kin tuna ta, ita ce wadda ta yi wata shida tana bina tana riƙe min alli lokacin da ta fito daga makaranta, wadda ta zo gidanmu kika ce ta cika rama. Ta hau ta duba da kanta ta sauko. Na miƙa mata rahoton da na rubuta, da dalilin kuskuren a fili, ban sakaya ba. Ta karanta a tsaye. Da ta gama sai ta ciro biro ta rubuta a bayan takardar ta miƙo min, wai don kada ta ɗaga min murya a gaban ma'aikata. Ta rubuta cewa daga yau ba zan sake hawa tsani ba, kuma duk gadojin da na duba a shekara biyun nan za a sake bin su, ni zan jera mata su bisa wadda ta fi damuna. A ƙasa ta ƙara cewa sababbin ma'aikata huɗu suna zuwa wata mai kamawa, ba wanda ya san gadojin nan kamar ni, in zan yarda in riƙa fita da su, su buga su saurara, ni in nuna musu inda ake nema.

Ba zan ɓoye miki ba, layin farko ya yi min zafi, duk da na san shi ne daidai. Jerin kuwa na zauna na rubuta, gadoji arba'in da uku. Kowace na tuna ta da hanyarta da masu bi ta ƙarƙashinta. Sai an gama bin su zan samu natsuwa.

An tokare gada ta huɗu da ƙarafa, jirgin kayan ya wuce shekaranjiya a hankali kamar mai tsallake jariri, ina tsaye ina kallon ma'aunin da aka maƙala a jikin gadar, bai motsa ba. An buɗe wa masu ƙafa da keke gefe ɗaya da rufin katako a sama. Motoci da amalanke sai bayan gyara, wata biyu in ji su. Mai faci ya ce kasuwa ta fi a mararraba, zagayen yana cin tayoyi, har yana tsokanata wai in ƙara rufe wata.

Gobe za mu taso, sauran ukun wani zai ƙarasa. Ki ce wa Babba ta zo da yamma ran Lahadi, in haɗa su da Auta in gaya musu, ko da yake yanzu ina zargin ni kaɗai ne a gidan nan ban san an sani ba.

Ofis sun karɓar min ganin likitan kunne ranar Talata da safe a babban asibiti. Injiniya ta ce akwai abin da ake saƙalawa yana taimakawa, ban sa rai da yawa ba, amma zan je. Wani ɗan abu ne yake damuna, kada ki yi min dariya. An ce wurin jiran babba ne, mutane da yawa, kuma daga bakin ƙofa ake kiran suna. Ina tsoron a kira ni sau uku ina zaune ina kallon bango, a wuce ni. Shekara talatin da ɗaya ina fita aiki ban taɓa cewa ki raka ni ko'ina ba. Wannan karon ki raka ni. Ki zauna kusa da ni, in kin ji an kira, ki taɓa hannuna.

Sai na iso.

Naki,
mijinki